Amintattun dukiyar mahaifinmu sun ƙi nuna mana lissafi

Assalamu alaikum Barista,

Kafin rasuwarsa, mahaifinmu ya sanya gidaje biyu cikin amana, ɗaya a Kubwa mai sassa shida na haya, ɗaya a Gwarinpa. Amintattun su ne baffanmu da wani lauya. Takardar amanar ta ce a fara cire kuɗin gyara da harajin fili na shekara da ake biya ta AGIS (ofishin bayanan filaye na Abuja), a biya kuɗin makarantar ƙannenmu, abin da ya rage a raba mana mu bakwai.

Shekara uku ke nan ana turo mana kuɗi ba tare da ko fallen takarda ba. Da wani ɗan haya ya nuna mana rasit ɗinsa, sai ga shi asusun Baffa na kansa ake zuba kuɗin, wato amanar ba ta da asusunta. A sanina amini, wato wanda aka damƙa wa amana, ba ya cakuɗa dukiyar amana da tasa, kuma ba ya cin moriyarta, amma ga ɗan Baffa zaune a sashe guda kyauta. Lauyan ya ce shi sa hannu kawai yake yi. Wannan zai wanke shi? Ban zata ba.

Ba sata muke cewa an yi ba. Muna son ganin bayanan banki, yarjejeniyar 'yan haya, rasit na gyare-gyare, da asalin takardar mallakar gidan Gwarinpa, don mun ji ana kai dillalai. Kwana nawa ya dace mu ba su a rubuce, kuma yaya za mu tsayar da cinikin kafin nan?

Inda kanmu ya rabu shi ne maganar hauzi, wato kyauta ta bar hannun mai bayarwa ta shiga hannun wanda aka ba. Marigayi shi ke karɓar haya har ya koma ga Allah. Yayanmu ya ce kyautar da ba a yi hauzinta ba gado ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Sashe na 262 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci wakafi, kyauta, wasiyya da gado a hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja. To neman lissafi da sauya amini fa, Babbar Kotu za mu nufa ko kotun yanki?

Autarmu shekararta 14, ba ta isa sa hannu a rushe amanar ba. Mahaifiyarmu kuwa ta ce kada ta ji an kai ƙanin mijinta kotu.

Huwassalam.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin,
Kubwa, Abuja