A Daina Yaudarar Na'ura da Guntun Waya a Layin RS-232

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin masu haɗa na'urori kan yadda ake kwaikwayon siginar musafaha idan an ɗora layin RS-232, wato layin wayar da na'urori ke aika wa juna bayanai bit bayan bit, a kan intanet ko rediyo.

Na'urori biyu ba sa fara musayar bayanai sai sun gaisa. A filogi mai fil 9, fil na 7 shi ne RTS (neman izinin aikawa), na 8 CTS (ba da izinin aikawa), na 4 DTR (kwamfuta ta shirya), na 6 DSR (ɗaya na'urar ta shirya), na 1 kuma DCD (an samu haɗi da ɗaya ɓangaren). Bolt +3 zuwa +15 na nufin sigina a kunne take, -3 zuwa -15 kuma a kashe. Sai dai hanyoyin nesa da dama wayoyi uku kaɗai suke ɗauka: 2 da 3 masu ɗaukar bayanai, da 5 ta ƙasa. Don haka mai gyara yakan haɗa 7 da 8, ya haɗa 4 da 6 da 1 a cikin filogin, na'urar ta riƙa amsa wa kanta gaisuwa. Aiki zai tashi kam, amma ko takardar firinta ta ƙare, kwamfuta za ta ci gaba da zuba bayanai suna zubewa.

Wasu kuma sukan tura CTS ta cikin hanyar, su ɗauka magana ta ƙare. A nan lissafi yake da amfani. A gudun bit 9600 a daƙiƙa, da bit 10 ga kowane harafi, haruffa 960 ne ke fita a daƙiƙa. Idan saƙon "dakata" ya yi jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, haruffa 192 sun riga sun kama hanya, alhali ma'ajiyar UART 16550, ƙwayar lantarkin da ke karɓar haruffan, bayit (wato harafi) 16 kacal take ɗauka. A gudun 115200 kuwa haruffan sun haura 2300.

Shawararmu ita ce a bar RTS da CTS su yi aikinsu a kowane ƙarshe, tsakanin na'ura da akwatin da ke kusa da ita mai haɗa ta da intanet ko rediyo, akwatin kuma ya sauke CTS tun ma'ajiyarsa ba ta cika ba. DTR da DCD su ne ya kamata su tsallaka, kuma ƙa'idar intanet mai suna RFC 2217 ta 1997 ta tanadi haka, muddin ɓangarorin biyu suna goyon bayanta. A modem kuwa akwai ƙa'idar V.13 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, mai aika wani jerin bit na musamman domin kunna RTS a nan ya ɗaga DCD a can.

Ba mu yarda da XON da XOFF, haruffan "ci gaba" da "dakata" da ake sakawa cikin bayanan, a kan bayanan da ba rubutu ba, domin duk bayit mai lamba 19, lambar XOFF, da ya gifta zai tsayar da layin. A rediyon da ake magana bi da bi kuma, kada a sauke RTS sai harafin ƙarshe ya gama fita, wajen milisakan ɗaya a gudun 9600, in ba haka ba wutsiyar saƙon za ta yanke.

Kafin a miƙa aiki, a ɗora mitar awon bolt tsakanin fil na 1 da na 5, a zare kebul ɗin intanet, a ga ko DCD zai faɗi. In bai faɗi ba, a duba lokacin da TCP, ƙa'idar da ke riƙe haɗin intanet, ke jira kafin ya binciki layin da ya yi shiru. Sau da yawa awa 2 ne, sai a rage shi zuwa daƙiƙoƙi.

Wassalam,
Wasu masu aikin na'urorin sadarwa