Wasiƙa zuwa Kumasi kan batun ɗaukaka ƙara

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya kasuwa? Mu nan Zariya sai godiya.

Saƙonka ya iso, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Ka ce waɗanda kotu ta samu da laifin kashe ɗan ƙanwarka a rikicin nan da aka yi a nan gida Najeriya, da waɗanda aka ɗaure saboda sare-saren da suka yi, duk sun ɗaukaka ƙara, kuma a ganinka lauyoyi ne kawai ke wasa da jinin yaro. Allah ya jiƙansa, ya ba uwarsa dangana. Amma ka yi haƙuri, a wannan gaɓar ba na tare da kai.

Ka tuna Zangon Kataf. A watan Fabrairun 1992 maganar sauya wa kasuwa wuri ta jawo faɗa tsakanin Katafawa da Hausawa, a watan Mayu wutar ta sake tashi har ta kai Kaduna da nan Zariya. Gwamnatin Babangida ta kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, a farkon 1993 ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Ribas, da wasu mutanensa hukuncin kisa. Dokar soja mai lamba 2 ta 1987 da aka yi aiki da ita ta toshe ƙofar ɗaukaka ƙara, majalisar mulkin soja kaɗai ke da ta cewa. Mutanenmu da yawa sun ce gara haka, a gama da wuri.

To me ya biyo baya? Tun ana cikin shari'ar lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka janye. Daga baya hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta ce an tauye musu haƙƙi. Gwamnati ta mayar da kisan ɗaurin shekara 5, suka fito. Har gobe Katafawa na cewa zaluntar su aka yi, Hausawan garin na cewa jininsu ya tafi a banza, domin babu wani alƙali na sama da ya zauna ya tace hujjojin ya ce ga mai laifi, ga wanda aka yi wa ƙazafi. Da wannan dokar ta 1987 ce kuma aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan gwagwarmayar ƙabilar Ogoni, a 1995.

Shari'ar rikicin taro tana da wuya, aminina. Mutum ɗari sun cakuɗe, ƙura ta tashi, kowa na gudun ransa, sannan shaida ya zo ya rantse wane ne ya kai sara. Doka ta yarda a kama duk wanda ya fito da niyya ɗaya da wanda ya yi kisan, amma sai an tabbatar da niyyar, tsayuwa a wurin kawai ba ta isa ba. Irin wannan ne kotun ɗaukaka ƙara ke dubawa. Galibi ba ta sake kiran shaidu, abin da aka rubuta a kotun farko take bi layi-layi. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya ba wanda aka yanke wa kisa damar kaiwa har Kotun Ƙoli. Jinkirin dai akwai shi, shekaru ake ɗauka, wannan ba zan kare shi ba. Amma in hujjar tana da ƙarfi, hukuncin da ya tsallake kotunan nan ba mai iya kiransa na son rai.

Abin da zan ba ka shawara: ku karɓi kwafin hukuncin daga rajistaran kotu ku adana, ku riƙa tuntuɓar lauyan gwamnati a ma'aikatar shari'a ta jiha, in da hali ku ɗauki naku lauyan da zai riƙa sa ido a kowane zama. Ka kuma ja kunnen samarin gidanku kada wani ya ce zai rama.

Ka gaishe min da Hajiya da yara. In za ka zo da sallah ka sanar da ni da wuri.

Naka,
Amininka na Zariya