Wasiƙa daga Chennai

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara. Ni ma ƙalau, sai jarrabawa da ta tasa mu a gaba.

Ka tuna yadda muke bugun ƙirji wai mun san waƙar Indiya don mun tashi da finafinansu? Ashe ko zauren gidan ba mu shiga ba. Duk watan Disamba garin nan cika yake yi da kiɗan gargajiyar kudancin Indiya, wanda suke kira Karnatik. Wani ɗan ajinmu ya ja ni Music Academy, wata cibiyar kiɗa da waƙa wadda aka kafa tun 1928. Wasan rana, na matasan mawaƙa, kyauta ake shiga, abin da ya sa na yarda ke nan.

Da farko hamma na yi ta yi. Mawaƙiyar na zaune ta tanƙwashe ƙafa, tana ta jan murya, ba kalma ba ganga, mai goge yana amsa mata. Na zaro waya, wani dattijo a gefena ya harare ni, na mayar da ita aljihu. Da ganga ta shigo sai na ga dattijon yana bugun cinya: ya buga sau ɗaya, ya ƙirga yatsu uku, ya buga ya juya tafin hannu, ya sake bugawa ya juya. Takwas ke nan, wannan ƙirgen kiɗan sunansa adi tala. Ya yi mini alama in bi shi. Sau nawa na rikice, Allah kaɗai ya sani.

Can wajen ƙarshe mawaƙiyar ta yi shiru, aka bar mai gangar mridangam da mai tukunya. Tukunyar ƙasa fa nake gaya maka, ghatam suke ce mata, da yatsu ake kaɗa ta. Wannan ya kaɗa, wancan ya mayar masa, su lula har ka rantse sun ɓata, kwatsam sai su sauka daidai kan bugun farko. Sau ɗaya hannuna ya sauka tare da su, sai da tsigar jikina ta tashi. Dattijon ya kalle ni ya gyaɗa kai.

A hanyar komawa na tuna bukukuwan da muka sha zuwa, mai kalangu yana ta magana da gangarsa, mu idonmu na kan masu liƙi. Don Allah ka nemo mana wani tsohon makaɗi kafin in zo hutu, mu je mu zauna a gabansa.

Ka gaida mutanen majalisa.

Naka,
abokinka na Chennai