Zuwa ga abokan cinikinmu: batun kai kaya Turai

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Da yawanku kun aiko kuna tambaya yaushe sabulunmu da man shafawarmu za su shiga shagunan Turai. Za su shiga in Allah ya yarda, amma ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kuma haƙƙinku ne ku san dalili.

Takardu suka fi komai riƙe mu. Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai, mai lamba 1223/2009, ba ta yarda a sayar da ko kwalba ɗaya ba sai da wakili mazaunin can, wanda zai amsa laifi a gaban hukuma idan kaya suka cutar da wani. Sannan dole ƙwararre ya binciki sinadaran kowane irin kaya, ya rubuta rahotonsa daban. Ba mu ga laifin wannan doka ba, domin fatar mutum ba abin wasa ba ce, sai dai kuɗin da babban kamfani ba zai ji a jikinsa ba, mu ƙanana yana girgiza mana jari. Ingila kuwa, da yake ta fita daga Tarayyar, tun daga 1 ga Janairun 2021, nata wakilin take nema da tata rajistar. A kwastan ma, sabulu lambarsa 3401, man shafawa 3304. Idan aka kuskure lambar, kaya na iya yin zaune a tashar ruwa, kuɗin ajiya na ta hauhawa.

Ga kuma maganar biya. Dillalin waje kan so a ba shi kaya, ya biya bayan wata biyu ko uku. Kafin nan canjin kuɗi ya motsa, ribar da aka lissafa ta zagwanye. Hatta sunan kamfani, rajistarsa a gida ba ta kare shi a wata ƙasa.

Don haka muka yanke shawarar fara da ƙasa ɗaya da kaya iri biyu kacal. Ba za mu ɗora muku kuɗin wannan tafiya a kan farashi ba, kuma duk lokacin da kaya suka yi ƙaranci, ku za a fara sallama. Masu son zama dillalanmu a waje su aiko da sunan ƙasarsu da yawan kayan da za su iya ɗauka, za mu amsa wa kowa.

Mun gode ƙwarai da haƙurinku.

Naku,
Shugaba da ma'aikatan kamfanin