Kafin a kori yaron da ake kira gagararre

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan yaran da muke kira gagararru a makarantunmu na nan Tahoua, waɗanda maganinsu a wurinmu bai wuce bulala da durƙuso a rana ba, daga ƙarshe kuma kora.

Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma abin da na gani shi ne rashin jin yaro yakan zo da dalili. Yaron da ya shiga CI, wato aji ɗaya, bai taɓa jin Faransanci a gida ba, idan ya wuni zaune a ƙasa cikin ajin zana bai gane ko kalma ɗaya ba, me zai yi in ban da surutu da tsokanar na kusa da shi? A ƙasar Adar gidaje da yawa uba yana ci-rani a Abijan ko Libiya, uwa ce kaɗai ke fama da neman abin sawa a tukunya. Akwai kuma yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, kamar bayan harin yankin Tillia na watan Maris 2021, waɗanda tsawa kaɗan takan firgita su har su kai duka.

Ina tuna wani yaro a CM1, wato aji biyar, da yakan jefar da allonsa duk lokacin da aka ce a kwafi darasi, har sunansa ya zama ɗan taurin kai. Da aka dawo da shi layin gaba, sai aka gane ashe rubutun alli ne ba ya gani daga baya, kunya kuma ta hana shi faɗi.

Ban ɗora wa malamai laifi ba, domin malamin kwantiragi da aka bar wa aji maƙil ba zai iya bin kowane yaro gida ba. Roƙona shi ne makarantar horon malamai ta Tahoua da tarurrukan ƙara wa juna sani na malamai, wato CAPED, su koyar da yadda ake kwantar da yaro ba da duka ba, sannan kada a kori ɗalibi sai kwamitin kula da makaranta na COGES da ƙungiyar iyaye mata ta AME sun zauna da wanda ke riƙonsa, sun ji halin da gidan yake ciki.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wani malamin firamare,
Tahoua