Rahoton Kwamitin Gyaran Katangar Tafkin Kifi: Inda Gudummawarku Ta Shiga

Iyayenmu kupuna, wato dattawa, 'yan'uwa, da duk wanda ya sa hannu a aljihu saboda wannan aiki, aloha gare ku.

A taronmu na baya mutum uku suka miƙe suna tambayar inda kuɗin katanga suka shiga. Wasu kuma ba su yi magana a taron ba, sai a bakin kanti a Kaunakakai, babban garin tsibirinmu na Molokai a jihar Hawaii, zancen ya dawo mana. Haƙƙinku ne ku tambaya. Littafin lissafi da rasit duka suna hannun ma'aji, wanda yake so ya zo ya duba.

Tun farko an amince a gyara ɓangaren kuapa da ya zube, wato katangar da ta raba tafkin da teku, kuma a yi ta yadda kakanni suka yi: dutse kan dutse ba siminti, a cika tsakiya da tsakuwa da fasassun murjani. Izini bai ci mana kuɗi sosai ba, domin tsarin Hoala Loko Ia da jiha ta kawo a 2015 ya haɗa takardun da a da ake yawon nema ofis-ofis. Sai sarar mangurof, itacen da kamfanin sukari ya shigo da shi Molokai a 1902 don ya riƙe ƙasa, ya zo ya cinye bakin tafkuna. Zarto da mai kawai muka saya.

Maganar kwale-kwale ita ta fi yawo. An ce mun sayi abin yawon shaƙatawa da kuɗin jama'a, kuma wannan magana ta yi mana ciwo. Wanda ya taɓa shiga tafkin ya san laka tana kai wa cinya. Da farko layi muke yi, ana miƙa dutse daga hannu zuwa hannu. Kusa da gaɓa hakan ya yi, amma da aiki ya kai can nesa, sai ruwa ya ciko kafin a kai abin kirki, domin awannin janyewar teku kaɗan ne. Ranar da wata yarinya ta zame da dutse a hannu, aka fito da ita ƙafa tana jini, ranar muka yanke shawarar sayen kwale-kwalen jigilar dutse. Na hannu muka saya, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya ci, har da kuɗin dako, tunda komai nauyi daga Honolulu, babban birnin jiha, jirgin kaya ke kawo shi. Mun yi lissafin haya, muka ga kafin a gama za ta wuce kuɗin saye. Yana nan ɗaure, mallakar gari ne.

Asarar da ta fi girma kuwa ta Yulin 2022 ce. Kowa ya tuna manyan igiyoyin kudu da suka haɗu da cikowar teku mafi tsayi a tsakiyar watan. Da safe muka tarar ɓangaren da muka gama ya buɗe, duwatsun sama sun watse cikin laka. A nan ba za mu ɓoye ba, da laifinmu a ciki. Mun bi tsayin tsohuwar katanga saboda girmama aikin magabata, alhali tekun yanzu ba na zamaninsu ba ne. Ma'aunin ruwa na Honolulu, wanda ke aiki tun 1905, ya nuna teku na hawa kusan santimita 15 a shekara ɗari. Wani kawunmu ya faɗa mana a ƙara tsayi, muka ce kuɗi ba za su kai ba. Ga shi mun biya sau biyu. Da aka sake ginawa an faɗaɗa gindi, an ƙara tsayi, an ɗauko gwanin jera dutse ya tsaya a kai, kuma tun daga lokacin ba ta motsa ba.

An kuma yi ƙorafi kan ɗan alawus da muka ba matasa a hutun bazara. Ba ma nadamarsa. Yaranmu da yawa suna gama sakandare suke wucewa tsibirin Oahu ko na Maui neman aiki. Da idonmu muka ga wani yaro da a makon farko ko takalmi ba ya son jiƙawa, yana juya dutse ɗaya sau huɗu yana neman fuskar da za ta zauna, sannan ya tsuguna ya cusa ƙaramin dutse a ƙarƙashi ya hau kai ya girgiza. Yanzu shi ke koya wa ƙannensa, shi ke ƙirga 'ya'yan kifayen da ake kira amaama da awa da ke shigowa.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga iyalin da suka bar mu muka kwashi dutse a gonarsu kyauta, da dattijon da ya ba da motarsa ta ɗaukar kaya har taya ta fashe bai karɓi ko sisi ba. Gwaggonninmu da suka riƙa kawo poi, wato kirɓaɓɓen gwaza, da kifi kowace Asabar, da 'yan garin nan mazauna Las Vegas da suka ninka gudummawarsu bayan katanga ta zube, ku kuka hana aikin mutuwa. Mahalo.

Sai dai katanga ta tsaya, tafki bai gama farfaɗowa ba. Makaha, ƙofar sandunan da ƙananan kifi ke shiga ta cikinta su yi girma su kasa fita, guda ɗaya kawai muka gyara, ɗayar a rufe take da laka. Jar ƙasa kuma tana ci gaba da gangarowa daga tudu duk ruwan sama, saboda barewar da aka kawo tsibirin nan a 1868 ta cinye ciyawa. Muna buƙatar katako, waya ta shinge, da kuɗin alawus na bazara mai zuwa, kuma asusu ya kusa ƙarewa. Wanda ke da hali ya ga ma'aji. Wanda ba shi da shi ya zo ranar aikin gayya da safar hannu da tsohon takalmi, a kawo yara, za mu fara da zarar ruwa ya janye.