Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Manoman Shinkafa, Yamai

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa manoma, maza da mata.

Da ikon Allah mun yi noma biyu bana, na rani da na damina. An yashe manyan magudanan ruwa kafin dashe, taki ya iso hannun mutane, kuma mafi yawanku sun biya kuɗin ruwa. Waɗanda ba su biya ba, don Allah su tuna da wannan kuɗin ake biyan wutar famfo. An kuma ƙara wa datsin bakin kogi ƙasa, domin wanda ya ga ambaliyar Satumban 2020 ba ya wasa da datsi.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne injin girbi. Tsohon namu ya gaji. Ya tsaya ana tsakiyar girbin rani, aka koma lauje da bugu a kan tano. Shinkafa ta wuce lokacinta a tsaye, ta bushe ƙayau, ana taɓa zangarniya tana zuba, tsuntsaye kuma suka samu rabonsu. Matanmu masu turara shinkafa su suka fara kuka, don wadda ta bushe fiye da kima karyewa take yi wajen casa.

An kawo mana shawara iri biyu. Wasu na son babban inji mai tayoyi, irin na manyan gonakin alkama. Mun duba, mun ga ba namu ba ne. Gonakinmu ƙanana ne, yawanci rubu'in hekta zuwa rabi, kowace da kunyarta. Kafin babban inji ya juya ya rushe kunya, kuma ko an janye ruwa kwana goma kafin girbi, laka na nan a ƙasa tana jiran taya. Shi ya sa kwamiti ya karkata ga ƙaramin inji mai tafiya a kan sarƙar roba, irin su Kubota DC-70, mai bakin yanka kusan mita 2. Ba ya nutsewa, yana ɗaga shinkafar da iska ta kwantar, ana kuma iya ɗora shi a tirela a kai shi wani gandun.

Amma sunan kamfani bai kai kayan gyara muhimmanci ba. Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma shinkafar da ta nuna ba ta jiran bel ya iso daga tashar jirgin ruwa. Don haka muka gindaya wa duk mai sayarwa sharaɗi: mu ga bel, wuƙaƙen yanka, matatar gazuwal da sarƙar roba a kantinsa nan Yamai, da idonmu, ya kuma koya wa matasanmu biyu tuƙi da gyara. An yi mana tayin na hannu mai rahusa. Da makanikinmu ya buɗe, ya tarar haƙoran gangar sussuka sun cinye, muka ce a bar shi.

Masu dabbobi sun tambaya game da bambaro, kuma tambayarsu na kan hanya, don da shi ake ciyar da shanu da rani, ana ma sayar da shi. Za mu ɗauki injin da ke zubar da shi dogo, ba mai daddatsa shi ba. Maganar 'yan ƙwadagon girbi da mata masu sheƙa da kala ita ce ba mu gama ba. Mutanenmu ne, kuma inji zai rage musu aiki. Shawararmu a ba su fifiko wajen shanya, ɗinkin buhu da ɗaurin bambaro.

A babban taro mai zuwa za ku yanke abu biyu: nawa kowace gona za ta zuba, da yadda za a tsara layin girbi don kada mai ƙaramar gona ya zama na ƙarshe kullum. Takardun farashi suna wurin ma'aji, duk mai so ya zo ya duba kafin ranar.

Kwamitin gudanarwa